Hatsin Ci da Hatsin Iri: Karatun Haruffan da Ke Goshin Kayan Lantarkin Soja

Duk manomin kirki a ƙasar Agye, ko Gazawa, ko Gidan Rumji, ya san hatsi kashi biyu ne ko da gona ɗaya ta haife shi: akwai na ci, akwai na iri. Tun kafin a ɗaure dammuna ake bin gona ana zaɓen zangarniyar da ta cika, wadda murzuna ba ta yi wa zane ba, a ɗaure ta daban, a rataye can ƙuryar rumbu inda hannun mai daka ba ya kaiwa. In ka sussuke su biyun ka zuba a faifai, ba lalle ido ya raba maka su ba. Ƙwaya ɗaya ce, launi ɗaya, kuma in aka daka na irin, fura za ta yi kamar kowace fura. Bambancin yana ga abin da aka sani game da shi: an san gonar da ya fito, an san wanda ya zaɓe shi, an san yadda aka adana shi. Wannan sanin ne yake yin tsada ranar da ruwan shuka ya sauka.

Haka abin yake ga ƴan ƙananan kayan da ke cikin rediyo, da caja, da inbata, da akwatin da ke sarrafa famfon sola. Leƙa rumfar mai gyara ranar kasuwa, za ka ga gwangwani cike da su: transista mai ƙafa uku, dayod mai kamar ƙwayar shinkafa, da baƙin aisi mai ƙafafu goma sha huɗu. Kowanne da rubutu a gadon bayansa. Yaron shago yakan kama lambar tsakiya kawai. Maigida ya ce, "Kai, miƙo mini 324," yaro ya tona ya miƙa, a liƙa da darma, rediyo ya yi magana, mai kaya ya biya ya tafi. Haruffan da ke gaban lambar da waɗanda ke bayanta ba mai kula su. Alhali su ne ke faɗin asalin abin, da irin wahalar da aka gwada shi da ita, da wanda ya tsaya masa shaida. A kayan da ake ƙerawa domin sojoji da jiragen sama, waɗannan haruffan na goshi su ne rabin kuɗin.

Wanda ya taɓa sayen ingantaccen iri ya riga ya iya wannan karatun, ko bai sani ba. Sunan da ke jikin buhu ba ado ba ne. HKP gero ne mai saurin nuna da masu bincike suka tace daga wani tsohon geron ƙasar Zabarmawa, kuma tashar binciken noma ta Tarna, kusa da Maraɗi, wadda ke ƙarƙashin cibiyar INRAN da aka kafa a 1975, tana cikin wuraren da aka san shi da su. Waken da ake kira IT90K kuwa sunansa tarihinsa ne: IT na cibiyar IITA mai hedkwata a Ibadan, 90 shekarar 1990, K kuma Kano, inda aka yi aikin. Masu ƙera kayan lantarki ma haka suke raɗa suna. A tsarin Amurka, wanda ya fara da 1N dayod ne, wanda ya fara da 2N transista ne, kamar 2N2222 da kamfanin Motorola ya fito da shi a 1962, har yau kuma ana amfani da shi. A tsarin Turai, BC547 na nufin B silikon, C ƙaramin transista na aikin sauti. Japanawa sukan fara da 2SA ko 2SC. A kan aisi kuwa haruffan farko sukan nuna gidan da ya fara ƙera shi: SN na Texas Instruments, LM na National Semiconductor wanda Texas Instruments ya saye a 2011, MC na Motorola, AD na Analog Devices.

Sai dai sunan iri bai isa ba. Buhu biyu duk ana iya rubuta musu HKP, ɗaya daga hannun mai bincike, ɗaya kuma ya shekara biyar yana yawo daga gona zuwa gona har ya gauraye da geron maƙwabta, tun da gero iska ce ke yi masa barbara. Shi ya sa ake ɗinka kati a bakin buhu. A ƙa'idar da ƙasashen Afirka ta Yamma suka amince da ita a 2008, launin katin yana nuna daraja: fari mai ratsin shunayya na irin tushe ne, fari zalla na mai bi masa, shuɗi na zuriyar farko da ake sayar wa manomi, ja na zuriya ta biyu. Kafin a ba da katin, sai gonar ta yi nisa da sauran gonakin gero, sai malaman gona sun zagaya ta tun tana tsaye, an tuge duk karan da ya fita daban, sannan a ɗebi samfur a kai ɗakin gwaji a ga tsabtarsa da ƙarfin tsirarsa.

Katin kayan soja shi ne haruffan nan uku, JAN. Taƙaitawa ce ta kalmomin da ke nufin haɗin gwiwar sojan ƙasa da sojan ruwa na Amurka, kuma ta samo asali tun Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da rundunonin biyu suka ga ba zai yiwu kowacce ta riƙa sayen fitilun cikin rediyo da nata ma'auni ba. A yau kundin da ke tsara darajar transista da dayod shi ne MIL-PRF-19500, kuma matakansa huɗu ne fitattu. JAN kaɗai yana nufin masana'antar ta samu amincewa, kuma an ɗebi samfur daga kowane rukuni an gwada. JANTX yana nufin an ƙara da tace kowane ɗaya. JANTXV ya ƙara da cewa kafin a rufe murfin, an sa madubi mai ƙara girma an duba cikinsa, an ga yadda ƴan siraran wayoyin suka kama. JANS kuwa na tauraron ɗan Adam ne, inda ba mai hawa ya sauya abin da ya mutu. Don haka 2N2222A da JANTX2N2222A aikinsu ɗaya, ƙafafunsu ɗaya. Na biyun ne dai yake da kati. In jikin abin ya yi ƙanƙanta da ɗaukar dogon rubutu, sai a taƙaita: JX a madadin JANTX, JV a madadin JANTXV.

Manomi yana da nasa gwajin da ba ya buƙatar ɗakin bincike. Ya ƙirga ƙwaya 100, ya shimfiɗa su a jiƙaƙƙen tsumma ko guntun buhun garara, ya naɗe, ya ajiye a inuwa kusa da randa, yana yayyafa ruwa safe da yamma. Bayan ƴan kwanaki ya warware, ya ƙirga masu farin tsiro. In 90 suka fito, ya shuka da kwanciyar rai. In 50 ne, ya san ko ya ninka ƙwaya a rami ko ya nemi wani irin. Amma waɗanda ya gwada sun tafi ke nan, ba za su koma buhu ba. Shaidarsu ce yake ɗora wa sauran. Wannan shi ne matakin JAN. Daga JANTX zuwa sama kuwa an wuce abin da manomi zai iya, domin kayan lantarki ana iya wahalar da kowane ɗaya, kuma wanda ya tsira a sayar da shi.

Wahalar ba ta wasa ba ce. Kundin MIL-STD-883, wanda ke tsara gwajin aisi, ya tanadi a jera su a tanda mai zafin digiri 125, da wuta a jikinsu suna aiki, har awa 160, na sararin samaniya kuma awa 240. Hikimar ita ce mai aibin ƙira yakan mutu da wuri. Gara ya mutu a tanda da ya mutu a cikin jirgi. Ana kuma fitar da su daga matsanancin sanyi a jefa cikin matsanancin zafi, a maimaita, don a ga ko wani haɗi zai tsage. Ana juya su a injin da ke wulwulawa da ƙarfi, ana gwada ko iska na iya kutsawa ta murfin, domin yawancinsu a gidan tangaran ko na ƙarfe ake rufe su, ba na roba ba. Akwai ma gwajin da ake girgiza abin a kan na'ura mai kunne, a saurara ko akwai ɗan ɓurɓushin ƙarfe da ke yawo a ciki, wanda wata rana zai iya faɗawa tsakanin waya biyu ya haɗa su.

Wani lokaci darajar ba ta zuwa da JAN, a cikin lambar kanta take ɓuya. A 1964 Texas Instruments ya fitar da jerin aisi masu farawa da SN54 domin aikin soja, masu jure daga digiri 55 ƙasa da sifiri zuwa 125. Sai a 1966 ya fitar da ƴan'uwansu masu araha a gidan roba, SN74, masu aiki daga sifiri zuwa 70. SN5400 da SN7400 lissafi ɗaya suke yi. In aka ga SNJ54, wannan J ɗin yana nuna an bi da shi ta tacewar soja. Haka LM124, da LM224, da LM324 da maigida ya aiki yaro ya ɗauko: na farko daga 55 ƙasa da sifiri zuwa 125, na biyu daga 25 ƙasa da sifiri zuwa 85, na uku daga sifiri zuwa 70. Haka NE555 da ke cikin kayan gyara ko'ina, yana da yaya mai suna SE555. Sanyin digiri 55 ƙasa da sifiri ba a ƙirƙire shi don burga ba, kusan shi ne sanyin da jirgi ke tararwa in ya yi sama da nisan kilomita 11. Mu nan ko a tsakiyar hunturu ba mu san shi ba. Ɗaya gefen ne namu. A watan Afrilu da Mayu zafin inuwa a jihar Maraɗi yakan haura digiri 40. Akwatin ƙarfe da aka kafe a jikin turken faifan sola a wani lambu na bakin Gulbin Maraɗi, wajen Tibiri, rana na dukansa, kayan cikinsa na fitar da nasu zafin, ƙura ta toshe kafofin iska, ba shi da nisa da iyakar 70 ɗin nan. Inbatar da ke aiki lafiya da safe ta riƙa ɗaukewa da azahar, sau da yawa nan ne zancen yake.

Aisin soja na zamani yakan zo da doguwar lamba mai farawa da 5962. Wannan lambar aji ce a tsarin ajiyar kayan gwamnatin Amurka, ma'anarta aisi, kamar yadda 5961 ke nufin dangin transista da dayod. In harafi ya biyo bayanta maimakon ɗan layi, misali R, to abin yana jure haskoki masu lalata lantarki a sararin samaniya. Sai lambobi biyar na takardar zanen, sai biyu na nau'in, sai Q in na soja ne ko V in na tauraro ne, sai harafin irin gidansa, sai na ƙarshe mai faɗin abin da aka shafa wa ƙafafun, A darma, C zinariya. Tsofaffin kaya kuma za ka gan su da JM38510, wasu da /883 a wutsiya. Ofishin da ke riƙe da waɗannan takardu da jerin masana'antun da aka amince da su yana birnin Kolombus na jihar Ohayo, ƙarƙashin hukumar DLA mai kula da kayan sojan Amurka. A kan kwali kuwa akan ga wata lamba mai alƙaluma 13 ta ƙasashen NATO: huɗun farko aji, biyun da ke biye ƙasar da ta yi rajista, 00 ko 01 Amurka, 14 Faransa, 12 Jamus, 99 Birtaniya.

Katin buhun iri yana faɗin kashi nawa cikin 100 ake sa ran zai tsira, da lambar rukuni, da shekarar girbi. Kayan soja ma suna faɗin nasu. Ɗauki rizisto mai lamba RNC55H1002FS. 1002 na nufin om 10,000, F na nufin kuskurensa bai wuce kashi 1 cikin 100 ba, S ta ƙarshe kuma alkawari ce game da mutuwa. Matakan su ne M, P, R, S: M na nufin cikin awa 1,000 na aiki ba a sa ran fiye da 1 cikin 100 ya lalace, P 1 cikin 1,000, R 1 cikin 10,000, S 1 cikin 100,000. Shekarar girbi kuma ita ce alƙaluma huɗun da ke ƙasan suna: 9823 na nufin mako na 23 a 1998.

Abin da mutane suka fi ruɗewa a kai shi ne zaton kayan soja sun fi ƙarfi ko sauri. Ba haka ba ne. JANTX2N2222A ba zai ƙara wa rediyo murya ba, kuma sau da yawa kayan sojan tsohuwar ƙira ce, domin kafin a gama gwaji da takardu kasuwa ta yi gaba. Tabbaci ake saya. Mai hankali ba ya daka irin da ya saya da tsada don tuwon dare, haka ba ya kwasar hatsin tiya a kasuwa ya shuka gonar da iyalinsa za su ci shekara. Kowanne da muhallinsa. Su kansu Amurkawa sun gane haka: a ranar 29 ga Yuni 1994 ministan tsaronsu, William Perry, ya ba da umarnin a rage dogaro da ma'aunan soja, a riƙa sayen kayan kasuwa duk inda za su wadatar. Daga nan ne kundaye da dama suka sauya suna, MIL-S-19500 ya koma MIL-PRF-19500, aka fi mai da hankali ga aikin da abin zai yi maimakon tilasta yadda za a ƙera shi.

Duk inda kati ke ƙara kuɗi, sai an samu mai buga na jabu. Manoma sun san labarin: a zuba hatsin kasuwa a buhu mai kyau, a barbaɗa masa jan garin magani don ya yi kama da wanda aka tace, a sayar lokacin da kowa ke gaggawar shuka. Ba za ka gane ba sai gona ta fito gatsa-gatsa, wani ya yi kai wani bai ko yi ciki ba, damina kuma ta tafi. A watan Mayun 2012 kwamitin harkokin soja na majalisar dattawan Amurka, ƙarƙashin Carl Levin da John McCain, ya fitar da rahoton bincike da ya gano kimanin lamura 1,800 na kayan lantarki da ake zargin jabu ne a hanyar sayen kayan sojan ƙasar, adadin kayan ya haura miliyan ɗaya, wasu har sun shiga jiragen C-130J. Cikin waɗanda aka bi sawunsu, fiye da kashi 70 cikin 100 daga Sin suka fito. Yadda ake yi kuwa: a ɓamɓaro tsofaffin aisi daga bolar kwamfuta da wuta, a wanke, a goge rubutun da sanfefa, a shafa baƙin fenti, a buga sabon suna mai daraja da sabuwar shekara. In ƙasar da ta ƙirƙiro katin an yi mata haka, mai saro kaya daga Sabon Garin Kano ko babbar kasuwar Maraɗi ba shi da dalilin sakin jiki.

Akwai abin da ido da hannu za su iya. Karkata aisin a hasken rana: asalin bayansa yana da ɗan kaushi iri ɗaya, wanda aka goge kuwa yakan nuna siraran layuka, ko gefensa ya fi samansa haske. Ɗan ramin da ke nuna ƙafa ta farko ya kamata ya zama mai tsabta. In ya cike ko ya dushe, an bi ta kansa. Ɗiga ruwan goge farce a auduga ka murza: in baƙi ya biyo audugar, fenti ne. Dubi ƙafafun, ko akwai ragowar tsohuwar darma ko alamar an miƙe su. In leda ɗaya ce, shekara ɗaya a rubuce, amma siffar gidajen ta bambanta, an gauraya. Kuma aisi a gidan roba mai arha da ke ɗauke da harafin tauraron ɗan Adam, ana sayar da shi a tire, abin tambaya ne, domin masu jure haskokin nan ba sa fita Amurka zuwa yawancin ƙasashe sai da izinin gwamnati. Duk da haka wannan duba na kore ƙarya ne kawai, ba ya tabbatar da gaskiya. Abin da ke tabbatarwa takarda ce da ke bin kayan daga masana'anta zuwa dillali zuwa hannunka, da lambar rukuni ɗaya a kowane mataki. Da zarar igiyar nan ta tsinke, ko da abin na gaske ne, ya koma na ci.

Wannan ya shafi har mai sayen salula. Tallan da ke cewa waya ko rigarta mai ƙarfin kayan soja ce yawanci yana jingina da MIL-STD-810, kundin hanyoyin gwada faɗuwa, da ƙura, da zafi, da girgiza. Kundin na gaske ne, amma ba wata hukumar soja da ke buga wa waya hatimi. Kamfanin ne ke zaɓar gwajin da yake so, sau da yawa shi ke yi da kansa. Wannan daidai yake da mai iri ya rubuta wa buhunsa kati da hannunsa. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, amma shaidar kai ce.

Ga mai gyara a Gazawa ko Cadakori, amfanin wannan karatun ba neman JANTXV ba ne, domin da wuya aikinsa ya buƙace shi. Amfanin shi ne ya koya wa yaransa karanta rubutun daga farko har ƙarshe, ba lambar tsakiya kaɗai ba. In rediyon ɗaki ne, LM324 ya wadatar. In akwatin famfo ne da zai wuni a rana, kuma lambun mutum da ruwan unguwa sun dogara da shi, ya nemi LM224 ko wani mai jure 85 zuwa sama, ya buɗe wa akwatin hanyar iska, ya yi masa inuwa, ya faɗa wa mai kaya dalilin ƙarin kuɗin. In dillali ya miƙo masa abu yana cewa, "Wannan na soja ne, Malam, ba irin na kasuwa ba," ya tambaye shi daga wane gida ya fito, wace shekara, kuma ina takardarsa. In amsa ta gagara, ya biya kuɗin na kasuwa, ya kuma sa shi a aikin da na kasuwa zai iya ɗauka.